Wurin Da Babu Kowa

Shafi na 19

Daga alƙalamin Ummu Wafa, Harra ta Yamma

Masu turo min "ina ci gaba" tun ban shafa addu'ar asuba ba, Allah ya shirye ku. Wata har ta ce in ban rubuta yau ba za ta zo Madina ta zauna min a ƙofar gida. Bismillah, ki zo, akwai wanke-wanke. Sababbin shigowa kuma ku matso: Sundus, autar Malam Haladu direban ziyara, ta tafi yawon amarci da angonta Sharfuddeen can ƙasar duwatsun nan ta bayan Turkiyya, wadda uwarta Ikilima ta kasa riƙe sunanta, sai dai ta ce Ƙasar Sanyi. Yayarta Nadiya, mai aiki a ofishin shirya tafiye-tafiye, ita ta haɗa musu komai, tun daga otal har direba. To mu je zuwa.

*

Tun da Ikilima ta auri Malam Haladu ba ta taɓa ganin ya baro bakin Harami da rana tsaka ba, alhali ga baƙi tuli suna neman mai kai su Uhudu da Ƙuba. Ko ranar da haƙori ya kumbura masa fuska sai da ya gama ziyarar mutane ya dawo. Amma yau ga shi ya shigo ana idar da azahar, ya rataye makullin mota, ya zauna ya kifa waya a cinya.

"Abu Nadiya, lafiya?"

"Lafiya lau."

"Motar ce?"

"Motar lafiyarta ƙalau."

"To kai ne?"

"Zafi ne, Ikilima. Mutum ba zai ji zafi ba?"

"Shekara nawa kana cikin zafin nan, sai yau ka san da zamansa?"

Ya ɗaga wayar ya duba, ya sake kifa ta. Ta ajiye masa shinkafa da kaza, ya dube ta kamar an ajiye masa yashi. Gaskiyar magana ita ce tun safe yake kiran lambar Sharfuddeen, wata mata na amsa masa da wani yare da ko harafi ɗaya bai gane ba. Ya kira Sundus, matar nan ce dai. Kuma duk Madina da kewayenta shi kaɗai ya san inda yaran nan suka nufa yau, don shi ya tura su. Wannan ne ya hana shi taɓa shinkafar.

Ba a jima ba Hajiya Safiyyatu, mahaifiyar ango, ta doka sallama da muryar nan tata da ake ji tun daga bakin layi. Takalmi ɗaya ta cire ta fara magana.

"Ummu Nadiya, 'yarki ta kira ki?"

"Rabona da muryarta tun jiya da magariba. Na ce ko ɗanki ya kira ki."

"Da ya kira ni zan hau taksi cikin ranar nan? Sharaf fa bayan kowace salla sai ya kira ni. Yau ga asuba ta wuce, ga azahar ta wuce, shiru."

"Amarci ne, Hajiya. Ango ya manta da uwarsa ai ba yau farau ba."

"Nawa ba ya mantawa, sai dai a mantar da shi."

Ikilima ta dire mata kofin gahawa da ɗan ƙarfi, ta tura mata farantin dabino ba tare da ta ce bismillah ba.

A al'adar gidan, in baƙuwa ta shigo, Malam Haladu daga bayan labule yake gaisawa ya wuce majalisin maza. Yau ya gaisa, sai ya jawo kujera ya zauna a nan bayan labulen, ya ce na'urar sanyin ɗakinsa ce take tari. Ikilima ta san lafiyar na'urar nan ƙalau, amma ta bar maganar don akwai baƙuwa.

Sai ga ƙarar ƙofa. Nadiya ce ta faɗo gidan, jaka a hannu ɗaya, waya a ɗaya, ko gaisuwa babu.

"Ya Ummi, akwai mushkila. An kori sawwag ɗin."

"Wane sawwag?"

"Direban da na ɗaukar musu! Yanzu ya kira ni a ofis. Jiya Sharaf ya biya shi kuɗinsa ya ce ya tafi, khalas, shi ke nan. Na kira otal, suka ce tun sassafe suka fita da motar haya, Sharaf ke tuƙi, an cika bayanta da darduma da tukunya."

Hajiya Safiyyatu ta dafe ƙirji. "Sharaf ke tuƙi? A kan dutse? Yaron da in zai yi fakin a ƙofar gida sai na fito ina ce masa taho taho?"

"Ba ma tuƙin ba ne ya fi damuna, Khala. Direban ya ce Sharaf ya nuna masa wani wuri a waya ya ce gobe can za ka kai mu. Yana ganin ɓangaren ya ce ba zai je ba, kuma su ma kar su je. Wurin hudud ne, bakin iyaka."

"To sai me?" in ji Ikilima. "Ba suna da jawaz ɗinsu ba, fasfo da komai?"

Nadiya ta zauna a ƙasa ta ajiye jakar. Ta fi saurin magana da Larabci, amma in tana so uwarta ta tsorata sosai da Hausa take yi.

"Ya Ummi, ƙasar lafiya lau take. Birni, kasuwa, otal, duk aman, ba abin tsoro. Amma akwai yankuna can cikin duwatsu da ake rigima a kansu, waɗannan su ce namu ne, waɗancan su ce namu ne. Iyakar ba ƙofa gare ta ba, ba mai zama ya buga maka hatimi. Wani wurin waya ce mai ƙaya, wani wurin allo ɗaya tal, wani wurin ciyawa ce kawai irin ta ko'ina. Ka taka, a ɗauke ka. In kuwa ta can aka ɗauke ka, ko ofishin jakadanci ba ya shiga ya fito da kai cikin sauƙi."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

"Na zaunar da su a falon nan kafin su tafi. Na ce kar ku rabu da direban, ɗan ƙasa ne, ya san inda ake tsayawa. Na ce kar ku hau dutse ba ku gaya wa otal inda za ku ba. In kun ga allo ku juya, ko ba ku iya karanta shi ba. Sharaf yana ta hadir, hadir, wai ya ji ya bi, har da sa hannu a ƙirji."

Aka ji gyaran murya daga bayan labule.

"Ai kakanninmu daga Kano suka tako har Makka a ƙasa," in ji Malam Haladu. "Iyaka nawa suka ƙetare? Wa ya tare su ya ce ina jawaz?"

"Abuya, kakanka shekara bakwai ya yi a hanya, kai da bakinka ka gaya mana. Sundus ranar Lahadi za ta koma aiki."

Aka ji ƙarar kujera, Malam Haladu ya gyara zama a bayan labulen.

Hajiya Safiyyatu ta juyo ta fuskanci Ikilima sosai, ta gyara zama irin na wadda ta daɗe tana jiran wannan rana.

"Ni dai na san 'yan matan yanzu da hoto. In ba su hau kan dutse sun buɗe hannu an ɗauke su ba, ba su yi tafiya ba."

"Au, 'yata ce ta kori direban?"

"Ban ce ba."

"Kin ce mana. To bari ki ji, ɗanki ne mai kishin tsiya. Ranar walima ko mai raba ruwa bai bari ya matso kusa da ita ba."

"Kishi ai ado ne ga namiji."

"To ga adon nan ya kai min 'ya bakin bindiga!"

"Ya Ummi! Khala! Sallu alan Nabi!" Nadiya ta ɗaga hannu. Suka yi salati a tare, kowace tana hararar 'yar uwarta. "Ku saurara. Direban ya ce da farko Sharaf ya yarda ba za a je ba. Sai aka kira Sharaf ɗin a waya, ya koma gefe ya daɗe yana magana a tsaye, har yana ɗan rusunawa. Yana dawowa ya sallame shi."

Hajiya Safiyyatu ta tafa hannu. "Kun ji ko! Na faɗa. Ɗana ba ya yanke shawara shi kaɗai. Ko rigar da zai sa Juma'a sai ya turo min hotonta. Wani ne ya zuga shi. Allah ya tona asirin ko wane ne!"

"Amin," in ji Ikilima.

"Allah ya hana shi barci yadda ya hana mu!"

"Amin ya Rabbi."

"Allah ya sa motarsa ta mutu a tsakiyar titi da azahar, tayoyin duka huɗu su..."

"Hajiya," in ji labule, "a bar mota a maganar nan."

Matan suka dubi labulen.

"Ina nufin, ba a yi wa mutum baki ba a ji uzurinsa ba. Wataƙila da kyakkyawar niyya ya yi. Wataƙila ma dattijo ne mai mutunci."

Hausawa suka ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ikilima ta daɗe tana kallon ƙafafun mijinta da suka leƙo ta ƙasan labule, manyan yatsun sai murza juna suke. Ta buɗe baki za ta yi magana, wayar Nadiya ta yi ƙara.

Direban ne. Nadiya ta yi ta magana da shi da Turanci, tana tafiya tana dawowa. Da ta kashe, fuskarta ta ƙara canzawa.

"Mutumin kirki ne wallahi. Ya ce duk da an kore shi zai bi su, yanzu haka yana cikin mota. Amma kwarurukan ɓangaren suna da yawa, kowane da hanyarsa, shi kuma bai tsaya ya duba wurin da kyau ba. In ya shiga wanda ba shi ba, kafin ya fito yamma ta yi. Ya ce da yamma hazo ke saukowa a dutsen, ko gaban motarka ba ka gani. Sai mun gaya masa ainihin wurin."

"Ki kira abokansa!" in ji Hajiya Safiyyatu.

Aka kira Mu'azzam, babban abokin ango, bai san komai ba. Aka kira Ali, shi ma haka, har yana tambaya ko an dawo ne a zo cin tsaraba. Nadiya ta kashe masa waya a kunne.

Malam Haladu yana zaune gumi na bin bayansa. In ya yi magana, ya san abin da zai biyo baya. Hajiya Safiyyatu ba ta riƙe labari, kafin isha duk wani Bahaushen Madina, daga Harra har masu shago a bakin Harami, ya ji cewa Haladu mai cewa ya san hanya ya tura 'yarsa da surukinsa hannun sojoji. Shi da ake yi wa kirari da cewa ko ido rufe zai kai ka Khaibar. Ya ce a ransa bari ya ƙara jira kaɗan, wataƙila yanzu su kira a yi dariya a tashi.

Sai ya ji wani ɗan sauti daga falon. Ikilima ce. Matar da ta haifi 'ya'yanta ba a ji kukanta ba, yau ta sa gefen mayafi a baki tana kuka ƙasa-ƙasa.

"Ko rigar sanyin kirki ba ta ɗauka ba," take cewa. "Na ce ta ɗauki mai kaurin, ta ce tana sa ta ƙiba a hoto."

Nan ƙarfinsa ya ƙare. Tsoron surutun mutane ya fita daga ransa, tsoron rasa autarsa ya cika wurin. Ya miƙe ya yaye labulen ya shigo tsakiyar falon, Hajiya Safiyyatu ta yi saurin jan mayafi.

"Ni ne."

"Kai ne me?" in ji Ikilima.

"Ni ne dattijon mai mutunci."

Nadiya ta juyo ta dube shi.

"Abuya?"

"Shekaranjiya Sundus ta kira ni. Na ce yaya ƙasar, ta ce Abuya ƙasa ta yi kyau amma duk inda muka je mutanenmu ne, kamar Saudiyya ce ta taso gaba ɗaya. Bakin ruwa mutane, kan dutse mutane. Har maƙwabcinmu mai gyaran firji ta gani da iyalinsa. Ta ce tun da ta je ba ta ɗaga niƙabi a waje ba, abinci ma ta ƙasan niƙabi take turawa, iskar da ake ta yabo ko sau ɗaya ba ta taɓa fuskarta ba." Ya dubi Ikilima. "Abin ya tsaya min a rai. Yarinya ta tashi cikin baƙin dutse da zafi, ta je inda Allah ya yi ciyawa, a ce ba za ta sha iska ba?"

"Sai ka yi me?" Muryar Ikilima ta yi sanyi, irin sanyin da ya fi ihu ban tsoro.

"Sai na yi abin da na saba. In za mu fita kashta, mu kai shimfiɗa da tukunya bayan gari, wa ke nemo mana wuri? Ba ni ba? Kin taɓa ganin na zaunar da ku kusa da maza? Na buɗe taswira a waya na yi ta ja da yatsa, har na samo wuri kore shar, ga rafi, babu otal, babu shago, babu gida ko ɗaya. Na ce alhamdulillahi, wannan ko aljani bai san da shi ba. Na tura wa Sharfuddeen."

"Da direban ya ce ba a zuwa fa?"

"Ai duk direba haka yake cewa in ba ya son ɓata tayarsa. Ni ba direba ba ne? Na san halinmu. Kuma me gardi zai je yi a wurin da 'yata za ta buɗe fuska? Na ce ya sallame shi."

Hajiya Safiyyatu ta miƙe tsaye. "Ummu Nadiya, ki shaida, addu'ar da na yi ɗazu ban janye ko ɗaya ba."

"Ni ma amin ɗina yana nan."

"Ba lokacin wannan ba ne," in ji Nadiya. "Abuya, hat al-jawwal. Kawo wayar."

Ya miƙa mata da hannu biyu. Ta buɗe taswirar, matan suka taru a kanta, shi ma ya leƙo ta saman kafaɗarta yana nuni da yatsa, don har yanzu akwai sauran alfahari a tare da shi.

"Kin gani? Ga koren. Ga rafin. Ga ma 'yar hanyar awaki nan ta bi ta wajen, ɗigo-ɗigo. Na ce masa in kwalta ta ƙare ya bi ta, ba zai ɓata ba."

Nadiya ta ɗago a hankali ta dubi mahaifinta.

"Wace hanyar awaki?"

"Ga ta nan. Ɗigo, ɗigo, ɗigo. Haka hanyar ƙasa take fitowa in za mu bayan Khaibar."

"Abuya, wannan ba hanya ba ce. Ita ce iyakar da ake rigimar a kanta. Shi ya sa aka yi ta ɗigo-ɗigo, don ba a gama yarda da ita ba."

"La haula wala ƙuwwata..."

"Duk faɗin ƙasar nan, ka bar birni, ka bar inda mutane ke zuwa, ka ɗora yatsa a kan layin da kansa ka ce su bi shi?"

"Na ga babu kowa ne."

"To me ya sa babu kowa, Abuya? Ruwa ba ya tsami banza!"

Malam Haladu ya nemi wuri ya zauna a kan hannun kujera. Rashin sani ya fi dare duhu, yau ya ga wannan da rana tsaka.

Nadiya ta tura wa direban wurin. Ba a yi nisa ba ya kira, kuma ko da ba a buɗe lasifika ba kowa na jin ihunsa. Ta saurara, ta yi ta gyaɗa kai, sannan ta kashe.

"Ya kama hanya. Ya ce akwai sauran dama. A daidai wurin rafin ne ya raba. Gaɓar da hanyar mota take ba matsala, har makiyaya na zuwa. Ɗaya gaɓar ce ba a takawa. In sun tsaya inda suka ajiye mota, lafiya lau zai same su."

"Alhamdulillahi!" Hajiya Safiyyatu ta ɗaga hannu sama. "Sharaf ba ya son ruwa. Ko wanka sai na yi da gaske yana yaro. Ba zai ƙetare ba."

Malam Haladu ya ji numfashi ya dawo masa. Har ya miƙa hannu zai ɗauki dabino ɗaya.

Ikilima ce ba ta yi murna ba. Ta share ido ta ce, "Nadiya, ƙara girman hoton nan. Wace gaɓar ce mai inuwa?"

Nadiya ta ja taswirar da yatsu biyu. Gaɓar hanya fili ne fetal, ciyawa kawai. Bishiyoyin duka, manya masu duhun ganye, sun yi layi a ɗaya gaɓar.

Dukansu a Madina aka haife su. Sun san ko ƙanƙara ke zuba daga sama, ɗan Madina ba zai ga inuwa ya shimfiɗa darduma a rana ba. Malam Haladu ya mayar da dabinon cikin faranti.

Sai wayarsa ta fara ruri a hannun Nadiya. Kiran bidiyo. Sunan Sundus ya cika fuskar wayar.

Duk suka yi kanta. Nadiya ta danna.

Ga Sundus, fuska a buɗe, iska na kaɗa gefen ɗankwalinta, kumatunta sun yi sanyi, tana dariya har haƙoranta duka a waje. Rabon da uban ya ga irin wannan dariyar tun tana ƙarama. Bayanta ganye ne kore shar.

"Abuyaaa! Wallahi ka iya zaɓe! Sai yanzu muka samu shabaka, sabis ɗin waya, ita ma sai na tsaya a kan wani dutse. Abuya babu kowa! Ko mutum ɗaya! Na yi gudu, na yi ihu, na kwanta a ciyawa..."

"Sundus ku tashi!"

"Ina Sharaf? Ba ni Sharaf!"

"Rigar sanyinki fa?"

"Uskutu! Ku yi shiru mana!"

Duk a lokaci ɗaya suke magana, hoton kuma sai ya tsaya ya ci gaba. Sundus ta kara wayar kusa da kunne tana dariya.

"Ba na jin ku, kun cika hayaniya. Khala ce a gidan? Khala, ga ɗanki can yana dafa shinkafar kabsa, ya ƙona albasar farko."

Nadiya ta ture kowa ta sa fuskarta a gaba.

"Sundus, isma'ini. Ki saurare ni. Kun ƙetare rafin?"

"Ɗan ƙaramin ruwa ne, iya gwiwa. Sharaf ne ya ɗauke ni ya ƙetare da ni, ya koma ya kwaso darduma da murhun gas. Can ɓangaren rana ce, a nan inuwar take."

Hajiya Safiyyatu ta zube a kujera. "Yaron da ba ya son ruwa."

"Ba ku ga allo ba?"

"Akwai wani can baya, ba mu iya karanta rubutun ba. Sharaf ya rataye jakar nama a jikinsa don kar tururuwa su hau."

Malam Haladu ya karɓe wayar. Ya kawo ta dab da fuskarsa.

"Sundus. Autata. Ki ji ni da kyau. Na yi kuskure, wurin nan ba a zama. Ku bar darduma, ku bar tukunya, ku bar komai. Ki kama hannun mijinki ku ƙetare ruwan nan ku koma mota. Yanzu."

Dariyar ta ragu a fuskarta. Ba ta taɓa jin ubanta ya ce ya yi kuskure ba.

"Abuya, lafiya?"

"Yanzu na ce!"

Daga can gefe muryar Sharfuddeen ta taso, cike da ladabi, yana kiran surukinsa yadda ya saba. "Ammi, barka da rana! Shinkafar ba ta tsotse ba, saura kaɗan a sauke!"

"Ka bar shinkafar nan, Sharfuddeen!"

"Na'am? Ammi ba na ji sosai. Dakata, ga baƙi ma mun yi." Sai muryar ta yi nisa, ya ɗaga ta da fara'a irin ta ɗan gidan mutunci da aka koya wa karrama baƙo. "Ahlan wa sahlan! Tafaddalu! Ku ƙaraso, ga gahawa, ga dabinon Madina!"

"Kar ka kira su!" Nadiya ta ƙwala ihu. "Sharaf, kar ka kira su!"

Sundus ta waiwaya. Hannunta ya tafi da kansa ya jawo niƙabi ya rufe fuskar, sai idanu kawai suka rage, sun yi girma.

"Su wane ne?" in ji Malam Haladu. "Sundus, su wane ne?"

"Suna saukowa daga cikin bishiyoyi. Kayansu iri ɗaya. Akwai kare." Muryarta ta koma ƙasa-ƙasa, irin wadda take yi tana yarinya in wuta ta ɗauke. "Abuya, da bindiga a kafaɗarsu. Ɗaya yana nuna ni, yana cewa wani abu."

"Ki sauke wayar a hankali, kar ki gudu, ki nuna musu hannunki," in ji Nadiya, ita ma muryarta ta fara karyewa.

"Abuya..."

"Ina nan, autata. Ina jin ki."

"Kai fa ka ce babu kowa."

Hoton ya juya ya kalli sama, ganye da farin gajimare. Wani hannu mai baƙar safa ya sauko ya rufe shi.